Kasake a Ramin Fandisho

Filin da muka gina gidanmu a Ƙofar Gayan rabona ne na gadon mahaifina. Da aka raba gidan bayan rasuwarsa, yayyena maza suka ɗauki sassan gaba masu kallon hanya, ni kuma aka yanko mini can ƙurya, inda ɗakunan kakanninmu suka daɗe da rushewa suka zama kango. Babu abin da ya rage a wurin sai tudun ƙasa, da guntayen azara da gara ta cinye, da wata bishiyar lalle da ta ƙi mutuwa. Ban taɓa jin an cuce ni ba. A ƙuryar nan aka haife ni, a nan na yi rarrafe.

Maigidana bai so wurin ba. Tun aurenmu muna haya a Tudun Jukun, kuma can ya fi so mu nemi fili, inda mota take shiga har ƙofar gida. Ya ce cikin birni lungu ne, ko yashi sai an juye a bakin titi a kwaso da baro. Ya ce ƙasar tsohon gida ba a san abin da ke cikinta ba. Ban yi masa gardama ba, roƙo na yi ta yi, yau da gobe, har ya gaji ya amince, amma da sharaɗi.

Ya ce, "Za mu tona mu gani. In ƙasa ta karɓe mu, falillahil hamdu. In kuwa aka ci karo da kabari, a mayar da ƙasa, kuma kada in ƙara jin zancen."

Na ce na yarda. Ba tsoron banza yake yi ba, domin mutanen da a cikin birni sukan binne nasu a bayan gida, kuma mun sha jin an fara gini a unguwa an tarar da kabari an dakata.

A ƙarshen bazara aka fara tonon fandisho, wato ramin harsashin gini, lokacin da zafi ke dafa mutum tun hantsi, kullum da yamma hadari ya leƙo daga gabas ya koma. Maginin wani dattijon Bakano ne mai barkwanci, da hula a karkace da igiyar awo a wuya. Shi ya kafa turaku ya ɗaura igiya, ya fitar da ɗakuna a ƙasa, har ya nuna mini inda ɗakina zai zauna, a gefen gabas, daf da bishiyar lalle.

Gefen yamma da na arewa ba su ba da wahala ba. Da aka wuce baƙar ƙasar sama, wajen zurfin gwiwa, sai ja ta fito, mai tauri, wadda diga ke yin ƙara in ta sare ta. Maigidana ya kawo mini dunƙule guda a leda, ya ajiye a kan tabarma kamar tsaraba. Ya ce magini yana gwada ƙasa da rodin ƙarfe ne. Ya kafa shi a ƙasan rami ya danna da nauyin jikinsa, in ya ƙi shiga to an zo inda zai ɗauki gini, in ya nutse to ciko ne, sai a ƙara tonawa. A waɗannan ɓangarorin rodin ya ƙi shiga. Na shafa dunƙulen nan, ya bar mini ja a tafin hannu, na yi ta godiya ga Allah.

Ni nake kai wa ma'aikatan abincin rana. Ranar da aka juya gefen gabas fate na yi, na tsaki da yakuwa, da gangan, don na san abin da maginin zai ce. Duk ranar da ya buɗe kula ya ga fate sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah Ka raba bawa da Zage-zagi, kunu da ganye sun mai da shi abinci." Sannan ya cinye ya nemi ƙari. Ina cikin adaidaita ina shirya amsar da zan ba shi.

Da na shiga lungun sai na ji shiru. Babu ƙarar diga, babu hayaniyar lebura. Na tarar da su duk sun fito daga rami suna zaune a inuwar katangar maƙwabta, shebur a yashe. Maginin ya taso, bai ko dubi kular ba.

"Hajiya, sannu da zuwa. Ni dai na tsaya. Zo ki gani da idonki."

Ƙasar da suka fitar daga ramin gabas daban take da wadda na gani a leda. Baƙa ce mai ratsin toka, da guntayen gawayi a ciki, ga laushi kamar garin da aka tankaɗe. Har da danshi, alhali rabon da a yi ruwa tun bara. Ya ɗauki rodi ya shiga ramin, ya kafa, ya ɗan danna da hannu ɗaya. Rodin ya tafi sumul, sai da hannunsa ya kusa taɓa ƙasa.

"Wannan ba ta ɗaukar ko akurkin kaji," in ji shi. "Amma ba ita ta tsayar da ni ba."

Ya ɗage wani buhun siminti da ya shimfiɗa a ƙasan ramin. A ƙarƙashinsa kasake ne na tukunya, a kife, a jere, ɗaya na bin ɗaya. Diga ta fasa na farko. Jerin ya taso daga kudu ya nufi arewa.

Babu wanda ya yi mini bayani, kuma ban bukata ba. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san da fasassun tukwane ake rufe mamaci kafin a zuba ƙasa, ya kuma san yadda ake kwantar da shi, kai kudu, fuska gabas. Na dafa katanga ina Innalillahi a hankali. Abin da ya fara zuwa raina ba gidan ba ne. Tunawa na yi cewa jiya ma na tsaya daidai wurin nan da takalmi, ina dariya, ina nuna inda zan sa gado.

Na kira maigidana a waya. Ya baro ofis ya zo da rigar aiki, ya shiga ramin bai ko naɗe ƙafar wando ba. Ya daɗe a tsugune. Da ya fito ya kakkaɓe hannu, ya dubi magini, bai dube ni ba.

"Malam, a mayar da ƙasa."

Maginin ya ce, "Gara haka, Alhaji, kuma a yi da wuri." Ya nuna gabas da haɓa, inda hadari ya fara haɗuwa. Ramin yana bin gindin katangar maƙwabta ne, katangar kuwa ta ƙasa ce, tsohuwa. Ya ce in ruwa ya sauko ya tarar da ramin a buɗe, zai cika ya jiƙa gindinta, kuma a bayanta mutane ke kwana.

Na ce, "Abban yara, don Allah a jira Gwaggo."

"Me Gwaggo za ta canja? Kin ga abin da na gani."

"Na gani. Amma in kabari ne, ai ya kamata mu san na wane ne, mu riƙa yi masa addu'a."

Ya ɗaga kai ya dubi sama. Sannan ya ce, "Zuwa la'asar. In an kira salla ba ku zo ba, za a rufe."

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka san gidan da ɗakunansa a tsaye. Duk dangi mun san ta a matsayin wadda Allah bai ba haihuwa ba. Ta yi aure ta fito, ta sake yi, ta ƙare da riƙon 'ya'yan 'yan'uwa, ni ma a bayanta na yi wayo. Lokacin tana zaune wajen wani ɗan riƙonta can gefen kasuwa, gwiwoyi sun hana ta fita.

Na same ta a kan buzu tana jan carbi. Ta ce, "Ke kuma lafiya, kamar an koro ki?" Na gaya mata komai, da toka, da kasake, da sharaɗin maigidana. Da farko tana saurare tana ɗan murmushi. Da na ce gefen gabas ne, bayan inda ɗakin Inna yake, wato mahaifiyarta, sai carbin ya tsaya a hannunta.

"Miƙo mini mayafina da sanda."

A cikin adaidaita ba ta yi magana ba sai sau ɗaya. Muna kutsawa ta lungu, iska ta fara ɗaga ledoji, ta kama hannuna ta ce, "Har ina suka tona? Sun kai gindin lalle?"

Na ce, "Da saura kaɗan."

Ta sake ni ta juya tana kallon waje. Ban gane dalilin tambayar ba, na ɗauka awon wuri take yi a ranta.

Aka aro mata kujera 'yar tsugune daga gidan yayana aka ajiye a bakin ramin. Maigidana ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana rufe fuska da gefen mayafi irin na surukai. Maginin ma ya gaishe ta, tana jin harshensa ta ɗago.

"Au, Bakano aka ɗauko? Shi ya sa. Ya ga tukunya a ƙasa ya tsaya lissafin nawa za ta yi a kasuwa."

"Iya, yau ba ni da bakin ramawa," in ji shi. "Ki duba mana, hankalinmu a tashe yake."

Ta ce a ɗebo mata ƙasar. Ta murza a yatsu, ta kai hanci, ta tsinci gawayi ta duba. Ta leƙa ramin ta daɗe tana kallon kasaken. Sai ta ce a ɗaga ɗaya. Maginin ya ja da baya ya ce shi hannunsa ba zai taɓa ba. Maigidana ya ce, "Gwaggo, in mutum ne fa a ƙasa?"

"To ku maza ku koma zaure. Wannan ba naku ba ne." Ta dube ni. "Ke, cire takalmi ki shiga."

Suka fita. Na tattare zanena na zura ƙafa, ƙasar ta karɓe ni har idon sawu, da sanyi. Na tsuguna gaban kasko na biyu. Na yi bisimilla, na yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari, don ban san wa zan tarar ba. Sannan na sa yatsu a ƙarƙashi na ɗaga.

Babu komai sai ƙasa baƙa ƙirin, mai laushi, faɗin tafin hannu, da wani zare-zare kamar na tsumma da ya narke.

"Tona da yatsa," in ji Gwaggo. "Akwai ƙashi?"

Na tona. Babu. Ta sa na ɗaga na gaba, da na gabansa. Duk haka.

Ta sauke numfashi. "Dubi girmansu. Wa ya taɓa rufe mamaci da kaskon tuya? Na kabari manya ne, haɗe ake jera su baki da baki, a liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Waɗannan kowanne zaman kansa yake yi. Mabiyiya ce, 'yar nan."

Na tsaya ina kallonta, ni da na haifi nawa duka a asibiti.

Ta ce nan ne bayan ɗakin Inna, kuma duk macen da ta haihu a gidan nan a nan take wankan jego. In an haihu, ungozoma takan wanke mabiyiya, abin nan da ke biyo jariri, ta naɗe a tsumma ta haƙa rami a gindin bango ta sa, ta kifa kasko a kai. A gefe ake kafa murhu ana dafa ruwan wanka safe da yamma har a yi arba'in, tokar a nan ake zubarwa, ruwan ma a nan yake tsiyayewa. Haihuwa bayan haihuwa, tun kafin a haifi Inna. Bangon ɗakin kuwa daga kudu ya taso ya nufi arewa, shi jerin ya bi.

"Ta ubanki tana nan. Tawa tana nan. Taki ma tana wajen can ƙarshe, ni na riƙe wa ungozoma fitila."

Ban san lokacin da na zauna a cikin ramin ba. Ina dariya hawaye na zuba, kasko a cinyata.

Aka kira maza. Gwaggo ta maimaita musu a taƙaice, da kawaici, ta ce wurin wankan mata ne kawai. Maigidana ya shafa fuska da hannu biyu ya ce Alhamdulillahi. Maginin ya gyara hula, bakinsa ya dawo.

"To ai shi ke nan. Ashe Zage-zagi har a ƙarƙashin ƙasa kwanukan fate suke ɓoyewa."

"Rufe mini baki, ɗan kasuwa," in ji Gwaggo.

Maginin ya ce wa maigidana ƙasar dai har yanzu ba ta gini ba ce, sai an kwashe cikon nan duka an bi shi har a taras da ja, ko da zai kai ƙirji. Ya daka wa lebura tsawa su tashi kafin ruwa. Ɗaya ya ɗauki diga ya bi igiya zuwa kusurwar da ta rage, wajen bishiyar lalle. Ya ɗaga.

"Tsaya," in ji Gwaggo.

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma kowa ya ji. Ta dogara sanda ta miƙe da kanta, ta ƙi hannuna. Ta taka har gindin lallen ta tsaya tana kallon ƙasa.

"Nan kam akwai mutum."

Ta yi maganar ne tana fuskantar katanga, ba ta dubi kowa ba. Ta ce a aurenta na fari an kawo ta gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Ta haifi namiji. Ya yi kuka, ya sha nono, bai kai suna ba. A wancan zamanin, manya ne ake kaiwa maƙabarta, jariri kuwa a gida ake sa shi. Mahaifinta ya yi masa salla a zaure, aka sa shi a nan, Inna ta dasa lalle don kada a manta a taka. Ɗan fari ne, ko yana raye ba za ta kama sunansa ba, balle ya tafi. Waɗanda suka sani suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Sai ta juyo gare ni. "Tun a hanya nake cewa in yi shiru, ki samu gidanki. Ƙashin jariri me ya rage a ciki? Na ga an ɗaga diga, na kasa."

Sharaɗin maigidana yana kunnena, kalma da kalma, kuma ni na ce na yarda. Ban dube shi da roƙo ba. Gaskiya a lokacin ko ya ce a ci gaba, ni ba zan iya kwana a kan ɗan Gwaggo ba. Na riƙe hannunta kawai, na ji gidan yana fita daga raina, ɗaki bayan ɗaki.

Aka kira la'asar. Maigidana ya ce, "Gwaggo, daga ina zuwa ina?" Ta ja layi da bakin sanda. Wurin bai fi a shimfiɗa ɗankwali ba. Ya ce, "Akwai wani bayan shi?" Ta ce babu, a saninta da abin da Inna ta gaya mata. Ya ce wa lebura kada wanda ya taɓa komai, ya tafi masallaci.

Muka yi tamu sallar a ɗakin matar yayana, muka dawo muka zauna a bakin rami. Gabas ta yi baƙi, iska tana kaɗa igiyar awo tana watsa mana toka a ido. Kular fate tana nan inda na ajiye ta, ba a buɗe ba. Gwaggo tana jan carbi, ni kuma na kasa haɗa addu'a guda. In na ce Allah Ka bar mini wurin nan sai in ji kunya, in na ce Allah Ka zaɓa mini sai in ji zuciyata ba ta bi bakina ba. Aka sallame salla, mutane suka wuce ta lungu, shi bai fito ba.

Da ya dawo tare da magini suke. Ya ce ya tsaya ne wajen liman. Liman ya ce wurin da yaron yake nasa ne, ba a tona shi, ba a gini a kai, ba a mai da shi hanya, sauran fili kuwa babu laifi. Amma na san maganar liman ba ta goge sharaɗin maigidana ba. Ya je ya tsaya a kan layin da Gwaggo ta ja. Sai ya sunkuya ya kama turken kusurwa, ya girgiza shi ya tuge, ya dawo da shi ciki da taku mai kyau, ya kafa.

"Malam, in bango ya karyo ta nan, zai tsaya?"

"Zai tsaya, in an zuba ginshiƙi a kusurwar. Amma ɗakin Hajiya ya tafi. Gado da kabad ba za su zauna lafiya ba."

Sai a lokacin maigidana ya dube ni. "Kin ji."

Na ce, "Na ji. Ko tabarma ce ta ishe ni."

Ya ce, "Da ma mutumin gidan ne, ya riga mu zuwa. Mu zauna da shi." Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya.

Ba a ƙara yin tono ba ran nan. Aka yi ta gudu ana aro tsofaffin kwanon rufi daga maƙwabta aka rufe ramin, aka tare gindin katanga da buhunan yashi, aka yanka wa ruwa hanya ya bi lungu. Yayyafi ya fara muna sa Gwaggo a adaidaita. Ruwan ya yi ƙarfi, amma katangar ta kwana a tsaye.

Washegari aka kwashe cikon. Sai da ramin ya kai ƙirjin lebura kafin ja ta fito, maginin ya hau rodi da nauyinsa duka ya ƙi shiga. Kasaken kuwa ban bari an zubar da su a bola ba. Na tsince su a baho da hannuna, da ƙasar da ke ƙarƙashin kowanne, na haƙa rami a ɗaya gefen lallen na mayar da su a kife yadda na same su.

Ɗakina ƙarami ne har yau. Ƙofar kabad ba ta buɗewa duka, sai ta daki gado, kullum a karkace nake ciro kaya. Tagar tana kallon ɗan filin, wanda muka kewaye da bulo layi biyu muka bar shi ƙasa, ba siminti. Na hana yara wasa a ciki, na gaya musu kawunsu ne a wurin.

Gwaggo ta zo mana sau da yawa kafin rasuwarta. Ba ta ƙara tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Takan ce a kai mata kujera bayan ɗaki, wai ta fi jin iska a can. Ta zauna ta ba wurin gefe, ba ta kallonsa kai tsaye, tana tsinkar ganyen lalle tana tarawa a bakin zane, har a kira magariba in je in taso ta.